Finotayif da jinotayif: tambayoyi da amsoshi kan abin da jiki ke nunawa da abin da aka gada

Tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare, musamman bayan Kano ta mai da shi doka a 2024, kalmar jinotayif ta shiga bakin kowa, har tsofaffinmu sun san AA da AS da SS. Amma finotayif ba a cika jin sa ba, alhali a wajen likita da mai bincike shi ake fara gani kuma shi ake komawa a duba a ƙarshe. Ga tambayoyin da ɗalibai da iyayen yara masu sikila suka fi yi a kai.

Wai mene ne finotayif ɗin nan?

Duk abin da ya bayyana a jikin halitta wanda za a iya gani ko a auna. Tsayinka, launin fatarka, rukunin jininka, yawan sukarin da ke jininka da safe kafin ka karya, yadda jikinka ke karɓar wani magani, ciwon da ya kama ka da yadda ya kama ka, duk finotayif ne. Jinotayif kuwa shi ne abin da ke rubuce a cikin DNA ɗinka, rabi daga uwa rabi daga uba. Kada ka ɗauka sai abin da ido ya gani kawai, hawan jini ba a ganin sa da ido amma finotayif ne tunda ana auna shi.

Kuma finotayif ba daga gado kaɗai yake zuwa ba. Manomi ya san wannan sarai, ka ɗebi irin gero daga zangarniya ɗaya ka shuka rabi a gonar da ta sha taki rabi a jigawar da ta gaji, abin da za ka girbe ba zai zama ɗaya ba duk da iri ɗaya ne. Haka mutum yake, gado da abinci da cututtukan da ya sha da kulawar da ya samu su ne ke haɗuwa su fitar da abin da ake gani.

Su waye suka fara raba abubuwan nan biyu?

Gregor Mendel ya buga aikinsa kan waken Turawa a 1866, ya ga idan ya haɗa mai jan fure da mai farin fure 'ya'yan farko duk ja suke fitowa, amma a jikoki sai farin ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. Ma'ana farin bai ɓace ba, ɓuya ya yi. Sunayen biyu kuwa Wilhelm Johannsen ɗan Denmak ne ya kawo su a 1909, shi ma da wake ya yi aiki, yana auna nauyin ƙwayoyin da suka fito daga tsatso ɗaya sai ya ga nauyinsu ya bambanta, kuma in ya zaɓi manyan ya shuka ba sa haifar da manya fiye da ƙananan. Bambancin na muhalli ne, ba ya bin zuri'a.

Yarana biyu duk SS ne, ɗaya kusan duk wata sai mun kwana a asibiti, ɗayar kuwa sai ta shekara ba ta kwanta ba. Ko gwajin ne ba daidai ba?

Allah Ya ba su lafiya, Ya ba ku lada kan jinya. Mai yiwuwa gwajin daidai ne, kuma wannan tambayar taku ita ce ta fi damun masu binciken sikila shekara da shekaru.

Abin da ke kawo sikila canji ne ƙwaya ɗaya tak a cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jan jini. Likita James Herrick ya fara bayyana ciwon a rubuce a Chicago a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne daban, sannan Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin gurbin da ya sauya a 1956. Toh canjin nan iri ɗaya ne a jikin duk mai SS, na Kano da na Jamaika da na Indiya, amma ciwon ba ɗaya ba ne, wani tun yana wata shida hannuwa da ƙafafu ke kumbura, wani ɓarin jikinsa ya shanye yana shekara biyar, wani gyambon ƙafa ne ke damun sa, wani kuma sai ya girma ya yi aure ya haihu kafin ma a gane yana da ita.

Babban abin da aka gano yana kawo bambancin shi ne himogulobin na jarirai wanda ake kira HbF. Kowa da shi ake haifar sa, sai ya yi ta raguwa cikin watannin farko, shi ya sa jariri mai SS ba ya nuna komai sai ya kai wajen wata shida. Wasu mutanen jikinsu ba ya daina yin sa gaba ɗaya, kuma HbF yana hana jinin lanƙwashewa, dan haka mai yawansa ciwonsa ya fi sauƙi. Masu sikila na gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya suna da shi da yawa, ciwonsu kan zo da sauƙi fiye da na nan yankinmu. Akwai kuma wani gadon daban mai suna alfa talasimiya wanda shi ma yake sauya yadda ciwon ke zuwa. Wa da ƙanwa za su iya gadon SS tare amma su bambanta a waɗannan. Sai ka ƙara da zazzaɓin cizon sauro, sanyin hunturu, rashin shan ruwa sosai, wahala, da cututtukan da ke kama yaro saboda saifarsa ta daina aiki.

A Jamaika, Graham Serjeant da abokan aikinsa sun gwada jarirai 100,000 daga 1973 zuwa 1981, suka ware masu sikila suka yi ta bibiyar su har suka girma suna rubuta duk abin da ya same su. Da yawan abin da likitoci suka sani yau kan kumburin saifa kwatsam da yadda uwa za ta iya lalube cikin yaro ta gane shi da wuri daga wannan bibiyar ya fito, ba daga wata babbar na'ura ba.

Gwajin da ake mana a lab kafin aure, DNA ake dubawa?

A'a, a yawancin wurare ba DNA ake dubawa ba. Ana ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman a saka ta cikin na'ura mai lantarki, sai nau'o'in himogulobin su rarrabu, A ya tsaya a layinsa, S a nasa, C a nasa, ma'aikacin lab ya karanta. Kenan abin da jini ya nuna ake gani, daga nan a ce ga abin da aka gada. Yawanci daidai yake fitowa, amma akwai inda yake yaudara. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini kwanan nan zai iya fitowa kamar AS domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa, shi ya sa ake cewa a jira kamar wata uku. Jariri sabon haihuwa HbF ɗinsa yana rufe komai sai da gwaji na musamman. Akwai kuma wasu nau'o'in himogulobin da ke tsayawa a layi ɗaya da S.

Dan haka in sakamako biyu suka saɓa kada a tsaya gardama ko a zaɓi wanda rai ke so, a je babban asibiti a sake. Kuma dan Allah masu sayen takardar bogi su ji tsoron Allah, AS da AS duk cikin da aka ɗauka yana da ɗaya cikin huɗu na zama SS, kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba.

Me ya sa sikila ta yi yawa a wajenmu haka?

Saboda mai AS yana da wata kariya. Anthony Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yara masu AS ba sa shan wahalar zazzaɓin cizon sauro kamar masu AA, bincike na baya ya tabbatar kariyar daga zazzaɓi mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Inda sauro ya yi yawa masu AS sun fi rayuwa su haihu, sai S ta yaɗu. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar.

An ga wannan a ƙasarmu ma. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, lokacin tana jihar Kano yanzu tana Jigawa. Sun tarar kusan 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun su, yawanci sun rasu tun suna ƙanana, masu AS kuwa kasonsu ya fi yawa a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar fiye da a cikin jarirai. Abin tausayi ne matuƙa in ka tuna iyayen nan ba su ma san sunan abin da ke ɗauke musu yara ba. Yau a Ingila da Amurka fiye da 90 cikin 100 na yara masu SS suna kai girma, gadon bai sauya ba, kulawa ce ta sauya.

An gama karanta DNA ɗin ɗan Adam tun 2003, to me kuma za a yi da finotayif?

Karanta haruffan daban, sanin aikinsu daban. Haruffan sun kai biliyan 3, kuma tsakanin mutum da mutum akwai bambanci a gurbi miliyoyi, yawancinsu ba sa yin komai. Ta yaya za ka san wanne ne ke kawo ciwon sukari? Sai ka tara dubban masu ciwon da dubban marasa shi ka kwatanta. Toh in tun farko ba a tantance waye mai ciwon da gaske ba, an cakuɗa mai nau'i na ɗaya da na biyu, ko an rubuta wa mutum taifot alhali maleriya ce, duk tsadar na'urar da ka yi aiki da ita shirme za ta ba ka. Shi ya sa a Ingila suka kafa UK Biobank, suka ɗauki mutum 500,000 daga 2006 zuwa 2010, jini kawai bai ishe su ba, sun auna tsayi da nauyi da hawan jini da ƙarfin damƙar hannu, sun tambayi abinci da barci da shan taba, kuma suna bin fayil ɗinsu na asibiti har yanzu. Darajar wannan taskar tana cikin bayanan jikin ne.

Kuma abubuwa da yawa ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba. Wani bincike da aka buga a 2022 kan mutum fiye da miliyan 5 ya sami gurbi kusan 12,000 da ke da hannu a tsayin mutum. Duk da haka yaron da tamowa ta kama a shekarunsa biyu na farko zai tsumbure ko da iyayensa dogaye ne.

Za a iya gyara finotayif ba tare da an taɓa gadon ba?

Ƙwarai, kuma yawancin aikin likita kenan. A 1934 wani likita ɗan Norwe, Asbjørn Følling, wata uwa ta kawo masa yaranta biyu masu raunin ƙwaƙwalwa tana cewa fitsarinsu yana wani irin wari, ya bi warin nan har ya gano ciwon da ake kira PKU, jikin yaron ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nama da madara sai ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. In an gane tun yana jariri aka sa shi kan abinci na musamman sai ya tashi da hankalinsa garau.

Na kusa da mu shi ne ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jan jini, ƙarancin nan ya yi yawa a Najeriya musamman a cikin maza. Mai shi lafiyarsa ƙalau yake yawo har sai ya haɗu da abin da ke fasa masa jan jini, kamar maganin firimakwin, ko kafur ɗin nan da ake sawa a cikin akwatin kaya. Mai jego ta fito da kayan jariri daga akwati suna ƙamshin kafur ta sa masa, kwana biyu sai ido ya yi rawaya, fata ta yi rawaya, yaro ya ƙi kama nono, a ce ai shawara ce a shanya shi a hantsi ko a ba shi jiƙo, kafin a kai asibiti abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Cire kafur daga kayan jariri da gaggawar zuwa asibiti in ido ya sauya, wannan kaɗai ya isa ya ceci yara da yawa.

A sikila kuwa misali mafi kyau a Kano aka yi shi. Kusan 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 in ba a yi komai ba, kuma takardar jinotayif ba za ta gaya maka wanne yaro ba ne. Abin da ke faɗa shi ne wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a gefen kan yaro, saman kunne, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in ya kai santimita 200 a daƙiƙa yaron yana cikin haɗari. A Amurka binciken STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100, amma wa zai iya ƙarin jini duk wata a nan? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin arewa tare da Jami'ar Vanderbilt suka gwada maganin haidiroksiyuriya, wanda ke ƙara HbF, a binciken da ake kira SPRING, kuma aka ga ko ƙaramin awo ma yana taimakawa. Wannan aikin ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi.

Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro ba ya kama Fulani kamar sauran mutane?

Yana kama su, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. David Modiano da abokan aikinsa sun buga bincike a 1996 daga Burkina Faso, sun kwatanta Fulani da Mosi da Rimaiɓe da ke zaune a yanki ɗaya sauro ɗaya ke cizon su, suka tarar Fulani sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini, sun fi ƙarancin kwanciya da zazzaɓi, garkuwar jikinsu ta fi mayar da martani. A Mali ma an ga haka tsakanin Fulani da Dogon. Abin mamakin shi ne S da sauran gadon da aka sani suna ba da kariya ba su fi yawa a cikin Fulanin ba, kenan wani abu ne daban, kuma masu bincike suna kan bin sa. Ka ga a nan finotayif ne ya zo a gaba, ya nuna wa masana inda za su tona.

Batun madara ma haka ne. A 1971 Norman Kretchmer da abokan aikinsa sun gwada ƙabilun Najeriya suka ga mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da ɗanyen madara har girmansu, Yarbawa kuwa kusan duk ba sa iyawa. Sai bayan shekara talatin aka gano gurbin da ke da alhakin hakan a DNA. Wanda ɗanyen madara ke murɗa wa ciki sau da yawa yana shan nono ko kindirmo lafiya, domin tsamin ya riga ya rage sukarin madarar.

Ƙwayoyin cuta ma suna da finotayif?

Suna da shi. In likita ya tura fitsarinka ko jininka a yi kalca, ana shuka ƙwayar cutar a faranti a ɗora ƙananan faifai masu ɗauke da magunguna daban-daban, washegari a duba wanne ne ya hana ta yaɗuwa a kewayensa wanne ne ta rufe shi ruf. Wannan gwajin finotayif ne tsantsa. A tarin tibi kuwa kalca yana ɗaukar makonni, shi ya sa na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 ta kawo sauƙi, cikin kamar awa biyu tana duba DNA ɗin ƙwayar ta faɗa ko ta bijire wa maganin rifamfisin. Amma na'urar abin da aka riga aka sani kawai take nema, sabon salon bijirewa sai kalca.

Maleriya ta nuna wannan tsarin ƙarara. Wajen 2008 da 2009 likitoci a yammacin Kambodiya suka lura marasa lafiya suna shan maganin maleriya na atemisinin amma ƙwayar cutar tana daɗewa kafin ta bar jini. Sai a 2014 aka gano canjin da ke jawo hakan a wata ƙwayar gado ta ƙwayar cutar da ake kira kelch13, kuma da wannan alamar aka gano matsalar ta ɓulla a Ruwanda da Yuganda. Ya kamata abin ya dame mu, mun riga mun ga yadda kulorokwin ya daina aiki, kuma shan rabin magani a ajiye sauran yana taimaka wa ƙwayar cuta.

Ta finotayif ake gano sababbin magunguna?

Da yawa ta nan aka same su. Ka zuba abu a kan ƙwayar cuta ko ka ba dabba ka ga ko ya yi aiki, sanin yadda ya yi aikin ya biyo baya. Tu Youyou ta ƙasar Sin haka ta fitar da atemisinin daga wani ganye a farkon shekarun 1970, ta gwada a kan ɓeraye masu maleriya, ta samu kyautar Nobel a 2015. A Abuja cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa maganin Niprisan daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi karan dafi da kanumfari da masoro da wani itace, gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwon sikila. Wannan ba izini ba ne na haɗa jiƙo a gida, awo da tsafta da gwaji su ne suka mai da shi magani.

Har maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda ake gyara DNA ɗin ƙwayoyin ɓargon mai sikila, asalinsa lura ce da cewa masu HbF da yawa ciwonsu ya fi sauƙi. Aka bi diddigi aka gano ƙwayar gadon BCL11A ce ke kashe HbF bayan haihuwa, sai aka nemi hanyar rage mata ƙarfi. Kuɗin da aka sa masa a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya a Amurka, dan haka mu a yanzu maganar fenisilin da rigakafi da gidan sauro da haidiroksiyuriya ita ce tamu.

Me ya haɗa ƙuda da ɓera da lafiyar mutum?

Ba za ka iya lalata ƙwayar gadon mutum dan ka ga me zai faru ba, amma za ka iya a ɓera ko ƙuda, kuma muna tarayya da su a ƙwayoyin gado masu yawa. Thomas Hunt Morgan ya ga ƙudan 'ya'yan itace mai farin ido a 1910 a cikin jajayen ido, daga nan aka fahimci gadon da ke bin jinsi. Masu dabarar kashe ƙwayar gado ɗaya a ɓera a duba me ya sauya sun ci Nobel a 2007. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, magunguna da yawa sun yi aiki a ɓera sun kasa a mutum.

Iyaye baƙaƙe za su iya haifar zabiya?

Ƙwarai kuwa. Uwa da uba kowanne yana ɗauke da gadon a ɓoye, yaro ya haɗa biyun, kamar dai AS da AS. Babu laifin uwa, babu aljanu, babu zargi. Abin da yaron ke buƙata kariya daga rana da duba idonsa da fatarsa.

To auren zumunci fa?

Ba shi ke ƙirƙirar ciwo ba, amma 'yan'uwa sun fi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyen gado iri ɗaya daga kaka ɗaya, sai ya haɗu a jikin yaro. In a dangi an san ana haifar kurame, ko yara suna rasuwa da ciwo iri ɗaya, a gaya wa likita kafin a sa rana.

Binciken da aka yi a kan Turawa yana aiki a kanmu?

Wani yana yi wani ba ya yi. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kusan 2 cikin 100 kacal, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin gado. Ko ma'aunin da lab ke cewa lafiya ƙalau yakan zo daga can. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jan jininsu ba shi da alamar da ake kira Duffy, wannan ne ya sa nau'in maleriya na bibaks bai cika kama mu ba kamar yadda Louis Miller ya nuna a 1976, kuma masu wannan gadon adadin wani nau'in farin jininsu yakan yi ƙasa da na Bature alhali lafiyarsu lau. Likitan da bai san haka ba zai iya tsayar wa mutum magani ko ya tayar masa da hankali a banza.

Ciwon ƙoda ma haka, a 2010 aka gano wasu nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 da suka yi yawa a Afirka ta Yamma suna ƙara haɗarinsa, amma mafi yawan masu ɗauke da su ba sa kamuwa sai wani abu ya haɗu da su, kamar cutar HIV. A yankin Gashuwa da kewaye a Yobe an daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda, masana suna duba ruwa da abinci da zafin rana da magunguna da gado, kuma irin wannan aikin ba ya yiwuwa sai an san waye ya kamu, yana shekara nawa, a wace unguwa, me yake sha, me yake nomawa. Shirin H3Africa da aka ƙaddamar a 2010 ya taimaka wajen sa 'yan Afirka su jagoranci irin wannan binciken da kansu, amma jini a firiza ba shi da amfani in katin mara lafiya ya ɓace ko an rubuta layi ɗaya da ba ya karantuwa.

Ni uwa ce, ba likita ba. Me zan iya yi a nan?

Ki samu littafi ɗaya na yaron ki riƙa rubutawa. Ranar da ciwo ya tashi, a ina yake jin sa, me ya faru kafin nan, sanyi ne ko zazzaɓi ko wasa a rana, kwana nawa ya yi, wane magani aka ba shi, nawa PCV ɗinsa (awon yawan jan jini) ya nuna, an yi ƙarin jini ko ba a yi ba kuma leda nawa. Ki san PCV ɗinsa na lokacin da yake lafiya, domin wani yaron a 22 yake rayuwarsa lafiya wani kuma in ya sauka 22 abin ya ɓaci. Ki roƙi nas ta koya miki yadda ake lalube saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In yaron SS ne kuma yana tsakanin shekara 2 da 16 ki tambaya a asibitin sikila ko suna awon gudun jinin kai, sau ɗaya a shekara ake so. Zazzaɓi mai zafi, numfashi da ƙyar, baki ya karkace ko hannu ya saki, ko tafin hannu ya yi fari fat, waɗannan ba a jira gari ya waye. In za ki asibiti ki tafi da littafin ki miƙa wa likitan, ko da ba shi ne ya saba ganin yaron ba.